Gilasan Land Cruiser masu rarrafe: littafin aikin gyara

6 ga Janairu

Motar Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1994, mai injin fetur. Toyota ta fara fitar da wannan samfuri a 1990, ta daina ƙera shi a Japan a 1997, don haka ko autarsu ta kwana biyu a duniya. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, amma gilasan ƙofofin nan huɗu rarrafe suke yi. Na baya ta dama ya fi kowanne muni: in ya kai tsakiya sai ya cije, sai an sa tafin hannu an tura shi. Da sanyin safiya kuwa ko motsi ba ya yi sai an ta da mota.

Duk wanda na yi wa maganar amsarsa ɗaya ce, wai ƙaramin injin da ke cikin ƙofa ya gaji, a sayi sabo. Ban gamsu ba. Ta yaya injuna huɗu za su gaji tare, kuma gajiyar ta riƙa ƙaruwa daidai da nisan ƙofa daga kujerar direba? Na yanke shawarar ba zan sayi komai ba sai na auna.

Yau lokaci kawai na ɗauka, mota a kunne, daga ƙasa zuwa sama. Na direba sakan 6, na fasinjan gaba 8, na baya ta hagu 11, na baya ta dama 15, shi ma da taimakon hannu. Saukowa duk sun fi sauri, tunda nauyin gilashi yana taya su. Da ƙofar da ta fi muni zan fara, abin da na koya a kanta sai in kai wa sauran.

13 ga Janairu

Na cire murfin ƙofa na ciki. Kilif-kilif ɗin sun bushe, sai da lallami. Ledar da ke bayansa na ɗaga ta a hankali ban yaga ba, domin ita ke tare ruwan da ke bin gilashi kada ya jiƙa murfin.

Ga abin da ke yaudarar mutane da yawa. In ka zare soket daga injin gilashi, ka danna makunni, ka sa mitar awon wuta, za ta nuna maka wuta cike, 12V ko 14V, ka ce wayoyi ƙalau suke. Wannan awo bai gaya maka komai ba. Mita ba ta jan wuta sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, saboda haka ko waya ta rage silin tagulla ɗaya tak, cikakkiyar lamba za ta nuna. Awon gaskiya shi ne a bar soket a jone, a cusa allurar mita ta bayansa, a karanta yayin da gilashi ke hawa.

Da na yi haka, a kan batir 14.1V, a bakin injin gilashi 9.3V. Kusan 5V sun salwanta a hanya. Na raba asarar gida biyu don in san inda take. Tsakanin kan batir da wayar da ke kai wuta ga injin, 1.9V. Tsakanin ɗaya wayar da ƙarfen jikin mota, 2.9V. Wato hanyar komawa ƙasa, inda wuta ke bi ta ƙarfen jikin mota ta koma batir, ta fi hanyar zuwa ɓarna, kuma wannan ya ba ni alamar inda zan nufa.

Sai na jawo waya mai kauri, da fiyus a kanta, kai tsaye daga batir zuwa injin. Gilashi ya hau a sakan 9 ba tare da an tura shi ba. Ya fi da, amma sakan 9 da cikakkiyar wuta ba lafiya ba ce, kuma injin yana jan amfiya 11 (ma'aunin yawan wutar da ake ja ke nan) yana nishi. Cuta biyu ce ke nan a ƙofa ɗaya: gilashi na shan wahalar motsi, wuta kuma ba ta isowa. Kuma kowace na ƙara wa 'yar uwarta ƙarfi. Gwargwadon taurin gilashi, gwargwadon amfiyar da inji zai ja, gwargwadon amfiyar kuma, gwargwadon wutar da za ta zube a kowace mahaɗa mai datti.

20 ga Janairu

Taurin zan fara kashewa kafin in taɓa waya. Wasu suna tsallake wannan su tafi kai tsaye ga ƙara wuta, gilashi ya yi sauri na ɗan lokaci, amma duk wahalar tana nan, haƙoran giya ne kawai suke biyan bashin.

Na kwance noti biyun da ke riƙe gilashi a kan regileta, wato ƙarfen da ke ɗaga shi. Ƙanena ya riƙe ta waje, ni ina turawa ta ciki. Da muka kai tsakiya sai ya ce, “Yaya, kamar an sa masa birki fa.” Haka ne kuwa. Gilashin da ya kamata ya zame da hannu ɗaya, sai da muka haɗa ƙarfi.

Robar da gilashi ke bi ta gefe da gefe da sama tana da wani laushin gashi-gashi a cikinta, shi ke sa gilashi ya zame. A nan gashin ya ƙare, robar ta sandare, ta tsage a kusurwa, cikinta cike da ƙura da ta daskare. Motar da ta yi rayuwarta a hanyar daji ba ta tsira daga wannan: ƙura ta shiga, ruwan kogi ko na wanki ya bi ta kai, rana ta gasa, shekara da shekaru. Na wanke da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori, na bari ta bushe, na fesa silikon. Silikon ɗin da ke bushewa nake nufi. Man inji ko wani mai da aka samo daga fetur bai dace da wurin nan ba, yana kumbura irin wannan roba, kuma yana kama ƙura ya mayar da ita laka mai kankare gilashi.

Wankin ya taimaka, amma robar wannan ƙofa ta wuce ceto, na yi odar sabuwa. Na sauran ukun suna da sauran rai. Kafin in rufe, na buɗe ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa da guntun waya. Biyu a toshe suke, kuma tsatsar da na gani a ƙafar regileta daga nan ta samo asali.

28 ga Janairu

Regileta na ciro gaba ɗaya. Ƙirar almakashi ce, da wata giya mai kamar rabin faifai wadda ƙaramin haƙorin inji ke juyawa. Tsohon giris ya zama kamar busasshen ƙaro, 'yan tayoyin roba da ke gudu cikin layin ƙarfe ba sa juyawa, ja kawai ake yi da su. Na wanke tas, na shafa farin giris na litiyom a layukan da mahaɗar almakashin da haƙoran giyar, kaɗan-kaɗan, domin abin da ya yi yawa ƙura zai tara.

Gargaɗi ga mai shirin yin wannan: da yawa daga regiletoci masu wannan ƙira suna da naɗaɗɗen sifirin mai ƙarfi da ke taya ɗaukar nauyin gilashi, kuma injin ne ke riƙe da shi. In aka kwance injin ba a ɗaure ba, hannun ƙarfen zai fizge, yana iya datse yatsa. A damƙe giyar da jikin regileta da filaya mai kulle kafin a taɓa sukurun injin.

4 ga Fabrairu

Na buɗe injin da kowa ke zargi. Gawayin nan biyu da ke goga wuta suna da sauran tsawo, sifirin ɗinsu na turawa daidai. Zoben tagullar da suke gogawa ya yi baƙi, na goge shi da sanfefa mai laushi sosai, na share tsagogin da tsinke. A akwatin giya ma giris ya bushe, na sauya. Haƙoran farar giyar roba ba su ci ba.

A ciki akwai ɗan ƙaramin abin kariya da ke yanke wuta in inji ya yi zafi, ya mayar in ya huce. Shi ne dalilin da gilashi ke ƙin motsi bayan an yi sama da ƙasa da shi a jere, sannan ya farfaɗo da kansa bayan ɗan lokaci. Mutane kan ɗauka injin ne ke mutuwa, alhali kare kansa yake yi daga wahalar da roba ke ba shi. Na ga masu ba da shawarar a haɗe shi da waya a huta. Ban goyi bayan haka ba ko kaɗan, ranar da makunni ya maƙale a danne, ba abin da zai hana injin ƙonewa a cikin ƙofa.

Injin nan lafiyarsa ƙalau. Ya koma wurinsa.

17 ga Fabrairu

Sabuwar roba ta iso, na sa ta. Daga kusurwar sama ake farawa a bi ƙasa, a jiƙa bayanta da ruwan sabulu don ta zauna cikin ƙarfe sosai. Kafin in ƙara matse notin regileta, na ɗaga gilashi har ƙarshe ya zauna daidai cikin robar sama, sannan na matse, don kada ya riƙa hawa a karkace.

Da wayar gwaji kai tsaye daga batir: sakan 4, amfiya 5 zuwa 6. Da wayoyin mota na asali: sakan 7, wuta a bakin inji 11.2V. Ban taɓa waya ko ɗaya ba tukuna, amma wutar da ke isowa ta ƙaru da kusan 2V, don kawai injin ya rage ja.

24 ga Fabrairu

Yau ranar babban makunni ce, na ƙofar direba, kuma a nan ne hoton ya fito fili.

Injin gilashi waya biyu gare shi. In aka ba ta farko wuta, ta biyu ta je ƙasa, ya juya sama. In aka juya su, ya juya ƙasa. Ba shi da tasa wayar ƙasa a cikin ƙofa. A tsarin Toyota na wancan zamani, in direba ya danna don ɗaga gilashin baya, wuta za ta fito daga babban makunni, ta ratsa ƙofar direba ta fita, ta bi ƙarƙashin kafet zuwa ƙofar baya, ta ratsa makunnin wannan ƙofa, ta shiga inji, ta fito, ta sake ratsa makunnin ƙofar, ta dawo duk tsawon motar zuwa babban makunni, ta bi ta maɓallin kulle gilasai, sannan ta sami ƙasa. Bakin tagulla biyar ke nan a hanya, ban da soket-soket. Ko fasinjan baya ne ya danna nasa, komawar sai ta bi ta ƙofar direba. Maɓallin kullen nan aikinsa yanke hanyar ƙasa ne, don haka duk wutar gilasan fasinja uku ta ɗan bakinsa guda take wucewa.

Lissafin mai sauƙi ne. Wayar tagulla mai kaurin 1mm² tana da turjiya, wato tirjewar da take yi wa wuta, ta kusan om 0.0175 a kowace mita ta tsawo. Mita 10 zuwa da dawowa sun zama om 0.175, a amfiya 8 kuwa 1.4V ke nan sun tafi, a sabuwar waya ma. Ƙara om 0.05 ko 0.1 a kowane baki da ya yi baƙi, ka ga inda 5V suka shiga. Shi ya sa ƙofar da ta fi nisa ta fi shan wuya.

Na buɗe makunnin a kan faranti mai gefe, saboda 'yan ƙananan ƙarafa da sifirin da ke ciki in sun faɗi ba a ganinsu kuma. Na ɗauki hoto kafin in ɗaga komai. Kowane baki ya yi baƙi ƙirin da ƙunar tartsatsi, domin duk lokacin da aka saki maɓalli inji na cikin ja, ɗan tartsatsi na tashi a wurin. Na maɓallin kulle ya fi lalacewa, har robar gefensa ta canza launi don zafi. Na goge su da sanfefa mai laushi, sama-sama don kada in cinye ƙarfen, na wanke da maganin wanke mahaɗar lantarki, na shafa giris na lantarki siriri. Haka na yi wa ƙananan makunnan sauran ƙofofin.

Wayar ƙasa ta babban makunni na bi har inda aka ɗaure ta a jikin mota, bayan murfin gefen ƙafar direba. Na kwance, na kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, na mayar.

Sakamako a ƙofar baya ta dama: 12.4V, sakan 5 da ɗoriya.

2 ga Maris

Gilashin fasinjan gaba yana da wata ɗabi'a: in ƙofar direba a buɗe take ya fi sauri, in an rufe ya rage. Wannan alamar waya ce da ta kusa tsinkewa a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi ke lanƙwasa duk buɗewa da rufewa. Na ja robar baya, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Biyu rigarsu ta tsage, ɗaya kuma 'yan silin tagulla kaɗan suka rage mata.

Ba a haɗa waya a daidai wurin lanƙwasa, dalma na sandarar da ita ta sake karyewa a gefen haɗin. Na yanke tsawo mai kyau, na sa sabuwar waya mai laushi, haɗi ɗaya ya faɗa cikin ƙofa, ɗaya cikin mota, na rufe kowanne da robar da ke tsukewa da zafi.

16 ga Maris

An wanke robobin sauran ƙofofi uku, an yi wa regiletocinsu giris. Lokutan yanzu: direba sakan 4, fasinjan gaba 4 da rabi, baya ta hagu 5, baya ta dama 5 da ɗoriya. Ga yawancin mutane nan aikin ya ƙare, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba.

Abin da ya hana ni tsayawa shi ne, in mota a kashe take, batir na ba da 12.5V, na baya suna komawa sakan 7 zuwa 8. Kuma bakunan makunnin da na goge za su sake baƙi muddin amfiyar inji ta cikinsu take bi. Saboda haka zan gwada rile a ƙofofin baya, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke ja don ya buɗe wa babbar wuta hanya, makunni ya zama mai ba da umarni kawai, wuta mai nauyi ta bi sabuwar hanya gajera.

Tsarin kowace ƙofa rile biyu ne masu ƙafa biyar, kowace ƙafa da lambarta. Ƙafa 30 ta kowanne ta tafi ga waya ɗaya ta inji. Ƙafa 87a ta tafi ƙasa, ƙafa 87 ta karɓi sabuwar wuta. A zaune, duk wayoyin inji biyu suna ƙasa. In rile ɗaya ya ja, wayarsa ta sami wuta, ɗayar na nan a ƙasa, inji ya juya. Sabuwar wayar 4mm² ce daga batir, da fiyus na amfiya 30 dab da kan batir ɗin, ta rabu zuwa 2.5mm² ga kowace ƙofa. Wayar ƙasa a jikin mota za a ɗaure ta, ba a ƙarfen ƙofa ba, domin ƙofa ta hinji kawai take haɗe da mota, hinji kuwa cike yake da giris da tsatsa.

30 ga Maris

Wurin da ya fi cin tunani shi ne ƙafa 85 da 86, masu jan rile. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba ɗaya tsohuwar wayar makunni, a kai ɗayar ƙasa nan kusa. Yana aiki, amma maɓallin kulle ya tashi aiki ke nan, tunda shi hanyar ƙasa yake yankewa, kai kuma ka ba rile wata ƙasar daban. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gilasan motocin nan ba su da na'urar da ke tsayawa in ta ji hannu a hanya, yanzu kuma ƙarfi na ƙara musu, ga yara a kujerar baya.

Mafitar ita ce a jona ƙafafun jan kowane rile tsakanin tsofaffin wayoyin nan biyu, kowanne da diyod 1N4007, wato ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, a jere da shi, ɗaya na fuskantar nan, ɗaya can. Wuta in ta zo ta wannan fuska rilen hawa ne zai ja, in ta juya na sauka ne. Komawar kuma har yanzu ta maɓallin kulle take bi, sai dai yanzu abin da ke ratsa shi bai kai rubu'in amfiya ba. Wani alheri kuma, tunda tsohon layi ne ke jan rile, gilasai ba za su motsa ba sai an murɗa makulli, kamar yadda suke tun asali.

Rilen na ɗaure su a cikin ginshiƙin tsakiya, bayan murfinsa, ƙafafu na kallon ƙasa. Cikin ƙofa wuri ne na ruwa, motar da ke ratsa rafi kuwa ba a ajiye mata rile a can.

Ƙofar baya ta dama: 13.7V a bakin inji, sakan 3 da rabi mota a kunne, 4 da rabi a kashe. Na danna kulle, makunnin ƙofar ya mutu kamar yadda ya kamata.

13 ga Afrilu

Ƙofar baya ta hagu ta sami nata rilen, sakamako kusan ɗaya da na dama. Bayan tafiya a hanya mai ƙura da gargada na buɗe ginshiƙan na duba, ba abin da ya sassauta, ba alamar zafi a fiyus ko a waya.

Ƙofar direba ba zan sa mata rile ba. Makunninta yana da saukar da gilashi da danna ɗaya, kuma ta hauhawar amfiyar inji yake gane cewa gilashi ya kai ƙasa ya saki. In rile ya shiga tsakani, makunnin ba zai ƙara jin wannan hauhawar ba. Wayarta ce ma mafi gajarta, sakan 4 ya wadatar.

Saura abu biyu. Gilashin fasinjan gaba yana ɗan sunkuyar da goshi gaba in ya kusa ƙarshen hawa, kuma ina jin ƙwas sau ɗaya a daidai wurin. Ina zargin ɗaya daga 'yan tayoyin regileta ta ci ta gefe, ko kuma layin da take gudu a ciki ya ɗan buɗe. Sai na gyara wannan kafin in yanke ko ita ma za ta sami rile, domin ƙara wa gilashin da ke hawa a karkace ƙarfi zai cinye robarsa. Na biyu kuma robobin waje masu share gilashi, na ƙofofin gaba duka sun tsattsage, ta nan ƙura da ruwa ke samun hanyar shiga ƙofa. Da zarar sababbinsu sun iso zan sake buɗe ƙofar fasinja in yi ayyukan biyu a zama ɗaya.